Kunnen Mai Sanyi

Mai Sanyi ake ce masa a benen, tun daga Manaja har mai gadin ƙofa, kuma ya daɗe da daina tsammanin wani suna. Waɗanda suka girme shi a wurin duk sun yi ritaya ko sun rasu, waɗanda suka zo bayansa kuwa sun tarar da sunan ne kamar yadda suka tarar da matakala. In za su yi masa magana ido da ido sai su ce Baba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga hula a ƙeya wadda giris ya cinye mata launi, ga wani dogon sukudireba da ba ya rabuwa da aljihunsa na baya. Sukudireban nan ya huda masa wanduna ba adadi, matarsa tana ɗinkewa tana mita.

Benen na ofisoshi ne, dogo, gilashi ta ko'ina, kuma wanda ya zana shi, Allah ya yafe masa, bai bar taga ko ɗaya da za a iya buɗewa ba. Na'urar sanyi guda ɗaya ce take riƙe da ginin duka. Tana can ƙarƙashin ƙasa, a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da ba ya rabuwa da warin mai, kwance kamar tankar ruwa. Ita take sanyaya ruwa, famfuna su tura shi sama ta bututu. A kowane hawa akwai ɗan ɗaki mai babbar fanka da take hura iska ta kan bututun nan masu sanyi, iskar ta bi ta cikin silin ta sauko wa mutane a ka. Zafin da aka kwaso kuma wani ruwan ne yake ɗauke shi ya kai tanki a kan rufi, ya huce ya dawo. Na sama ba su san wannan duka ba, ba kuma ruwansu. Abin da suka sani shi ne in na'urar ta tsaya, kafin ka gama shan shayi rigarka ta manne a bayanka. Shi kuwa Tsohuwa yake ce mata, kuma da bakinsa yake cewa ta fi shi sanin halin mutanen benen.

Da lebura ya fara. Yana saurayi ya ɗauki bututun nan a kafaɗa lokacin da ake kafa ta, kuma injiniyan da ya kafa ta ya lura da yaron da ba ya tafiya in an tashi, sai ya tsaya yana kallo baki buɗe. Wata rana ya kira shi, ya ɗora bakin sukudireba a jikin kwampreso, wato zuciyar injin, ya manna masa ƙotar a bayan kunne, ya ce masa ya yi shiru. Mai Sanyi ya ce a ranar ya san cewa ƙarfe yana magana. Tun daga nan ya koyi muryoyinta ɗaya bayan ɗaya. Kwampreso mai lafiya gurnani yake yi a ƙasa-ƙasa, ba ya hawa ba ya sauka. Bel in ya saki sai ya riƙa faɗa-faɗa kamar silifas. Iska in ta shiga bututun ruwa sai ka ji kamar mai kurkure baki. Boris kuwa, zoben ƙarfen da sanda take juyawa a cikinsa, in ya rasa mai, wani siririn kuka yake yi, tsiiii, wanda yake shiga haƙori, kuma shi ne kukan da injiniyan ya ce masa in ya ji, ya kashe inji tukuna kafin ya tambayi kowa.

Da injiniyan ya tafi, aka bar masa ita. Ya yi aure yana wurinta, ya haifi 'ya'ya ya aurar yana wurinta, kuma gaskiya ya iya aikin. Sai dai iyawar ta zo masa da baki. An taɓa yin wani akawu da ya tare shi a matakala ya ce, "Baba, yau kamar injin nan yana wata ƙara." Mai Sanyi ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wace iri? Ta ciwon ciki ko ta ciwon kai? Faɗa mini in rubuta mata magani." Aka yi ta dariya, akawu ya sulale. Daga ranar ya kafa musu doka, yana maimaita ta ga duk sabon zuwa: "In zafi kuka ji ku faɗa mini, wannan aikinku ne. Ƙara kuma tawa ce." Suka riƙe dokar nan da hannu biyu, har suka fi shi riƙe ta.

Tsohuwa ta tsufa da gaske. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina yin kayanta, abin da ya lalace sai dai a yi masa dabara. Agogon da yake nuna ƙarfin mai ya mutu, allurarsa ta kafe wuri ɗaya. Ya gaya wa Manaja, Manaja ya ce za a duba, shi kuma ya ce, "Ba komai, yallaɓai, ga kunnena." Akwai kuma wata 'yar na'ura a gefe wadda aikinta shi ne ta kashe injin da kanta in mai ya daina zagayawa a ciki. Ita ma ta rikice, ta riƙa kashe shi ba dalili. Rannan ta kashe shi ana tsakiyar wani babban taro a sama, Manaja ya sauko da kansa yana tsiyayar gumi, ya ce, "Baba, yi duk abin da za ka yi, ni dai sanyi ya dawo." Mai Sanyi ya yanko guntuwar waya ya haɗa baki biyu, ya tsallake 'yar na'urar, da niyyar in an kawo sabuwa ya cire. Sabuwa ba ta zo ba. Wayar ta yi shekaru a wurin har ta yi baƙi, ya zama babu abin da ya rage tsakanin Tsohuwa da mutuwa sai kunnen mutum ɗaya. Wannan bai dame shi ba, daɗi ma yake masa.

Akwai abin toshe kunne rataye a ƙusa bayan ƙofa, tun zamanin injiniya, gizo-gizo ya yi gida a ciki. In an ce ya sa sai ya ce, "Kun taɓa ganin likita ya toshe kunne ya duba mara lafiya?" To, ciwon kunnen ya fara ne da jin kukan gyare in ya koma gida, ya riƙa duba bayan kabad yana neman ƙwaron. Sai wayarsa ta riƙa ƙara a aljihu har wani ya taɓa shi. Sai muryar mata da ta yara ta riƙa zuwa masa rabi-rabi, ya ce ai mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in za su yi magana. Da abin ya ishe shi ya saci jiki ya je asibiti shi kaɗai. Likita ta sa masa wani abu a ka, ta ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ya zauna yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa.

Likitar ba ta ɓoye masa ba. Ta ce siraran sautuka sun riga sun tafi kuma ba za su dawo ba, masu kauri ma suna hanya, abin da zai yi wa kansa shi ne ya bar wurin ƙara. Ya yi godiya, ya fito, ya zauna a kan dakalin bakin asibiti har rana ta juya. Ya bar wurin ƙara ya tafi ina? Bai iya komai ba sai Tsohuwa. Kuma ya san tuni wani kamfani yake bin Manaja yana zuga shi a cire ta, a liƙa ƙananan esi ɗaki-ɗaki kamar yadda kowa yake yi yanzu. Abin da ya hana Manaja shi ne tana aiki, kuma tana aiki ne saboda kunnen Baba. Ranar da aka san kunnen nan ya mutu, shi da ita za a fitar ta ƙofa ɗaya. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya yanke cewa babu mai ji daga bakinsa, har matarsa.

Ɓoyewar ba ta yi masa wuya kamar yadda ya zata ba. Ya koyi kallon leɓe. Ya koyi riga mutum magana, ya cika wurin da surutu don kada a sami damar tambayarsa. In an yi dariya ya yi, in an yi shiru ana kallonsa ya ce "To, to," ya wuce. A ɗakin inji kuwa dama kowa kurma ne. Gurnanin kwampreso yana nan yana jinsa, a ƙafa da ƙirji ma, don haka ya lallashi kansa cewa abin da ya fi muhimmanci bai tafi ba.

A gida ma sai abin ya zo masa da sauƙi. Matarsa tela ce, kekenta yana bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi, kuma tun da yara suka watse su biyu ne kawai a gidan. A da daga madafa take jefo masa magana, ko tana kan keke ta ba shi baya. Sai ya lura ta daina. Yanzu in za ta ce masa ko da ruwan wanka ya yi zafi, sai ta taso ta zo gabansa, ta dafa masa kafaɗa, ta dube shi. Shi a tunaninsa tsufa ne ya sa ta laushi. Har tsokanarta yake yi: "Mai keke, sai yanzu da haƙora suka zube kika san ina da kyau?" Ta ce, "Ai dole in kalle ka, Malam, kada a sace mini kai." Ya yi dariya, ransa fari, yana ganin ya tsira.

Ana nan zafi ya shigo, irin wanda kwalta take laushi a ƙarƙashin takalmi. 'Yan hawan ƙarshe suka aiko cewa iska tana fitowa amma ba sanyi a cikinta. Mai Sanyi ya ɗauki jakarsa ya hau. Shi ba ya tsallake mataki a bincike, daga mai sauƙi yake farawa. Ya zaro filtocin ɗakin fanka ya tarar sun toshe da ƙura har sun yi kamar bargo, ya wanke su ya shanya ya mayar. Ya danna bel da babban yatsa ya ji ya saki, ya ɗaure shi. Sanyi ya ɗan dawo, aka yi masa sannu. Kwana kaɗan aka sake aikowa, yanzu har da hawan da yake ƙasa da su.

Ya hau rufi. Ƙananan ramukan da suke fesa ruwa a tankin hucewa sun cika da farin gishirin ruwa, ya tsuguna cikin rana yana sokace su da waya ɗaya-ɗaya har fatar wuyansa ta saɓule. Ya sauko ya kwaɓa ruwan sabulu, ya bi mahaɗar bututun gas yana shafawa, yana jira ya ga inda kumfa za ta kumbura. Ya kuwa samu, wata 'yar kafa a gindin wani noti. Ya liƙe ta, ya ƙara gas, ya tsaya yana kallon bututun yana yin raɓa. Duk abin da ya gano ciwo ne na gaske, kuma duk wanda ya gyara sai an ɗan ji sauƙi, shi ya sa a kwanakin nan har tafiyarsa ta canza. Yana ce wa kansa, da kunne ko ba kunne, hannun nan bai manta ba.

Amma akwai abubuwan da yake gani bai san inda zai ajiye su ba. Mai gadi ya ɗauke bencinsa daga bakin matakalar da take sauka ɗakin inji, inda ya shekara yana zama saboda sanyin wurin, ya koma can bakin titi cikin zafi. Sakatariyar hawan farko ta cusa auduga a kunne tana buga takardu. Mai shara, wata dattijuwa da suka daɗe tare, in ta zo share gaban ƙofar ƙarfe sai ta yamutsa fuska ta yi sauri ta wuce. Ya ce a ransa mura ce take yawo.

Manaja ne ya tare shi a bakin lif, yana gyara wuyan riga. Mutum ne mai sauƙin kai, kuma yana jin nauyin Baba, don ya girme shi nesa ba kusa ba. Ya ce, "Baba, ba shiga aikinka zan yi ba. Wannan ƙarar da take fitowa daga ƙasa, lafiya dai ko?"

Mai Sanyi ya kasa kunne iya ƙarfinsa, bai ji komai ba sai gurnanin da ya saba da kukan gyaren da yake cikin kansa. Tambaya ɗaya ce a bakinsa, wace ƙara, kuma ya san in ta fito ta gama da shi. Manaja yana kallonsa, sakatariya ta ɗago kai, mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Ya ce, "Lafiya lau, yallaɓai. Zafi ne ya yi yawa, tana jan kaya. Ni na san kukanta."

Manaja ya ce, "Shi ke nan, tunda ka sani," ya shige lif da alamar an sauke masa nauyi.

Ya sauka ɗakin inji, ya rufe ƙofa. Ya ɗora sukudireba a kan famfo na farko, ya danna ƙotar a bayan kunne har ya ji zafi. Ya koma na biyu. Ya bi kwampreso daga kai har gindi, ya sauya kunne, ya rufe ido, ya riƙe numfashi. Babu. Tsohuwa tana ihu, duk benen yana ji, shi da aka ajiye don ya ji yana tsaye a gabanta kamar baƙo. Ya dubi agogon mai, allura tana inda take tun shekarun baya. Ya dubi baƙar wayar nan da ya haɗa da hannunsa, ya kai hannu zai cire, sai ya tuna in ya cire 'yar na'urar za ta kashe injin ko da dalili ko babu, kuma ba zai san wanne ne ba. Ya janye hannun. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har ya zauna a kan bokiti.

Ya gwada ta bayan gida. Ya sami mai shara a lungu ya ce, "Ke kuma me kike ta yamutsa fuska in kin zo ƙofata? Wari nake yi?" Yana fata ta ce wani abu, ta kwaikwayi kukan ko da da baki ne, ya karanta a leɓenta. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya ta ce, "Haba Baba, ni wa? Ai ka fi mu sani." Dokarsa ce ta dawo masa, ba ragi ba ƙari.

Ya ɗauki giris ya bi duk abin da yake juyawa a benen, famfuna, fankoki, har wanda bai nema ba. Amma boris ɗin cikin kwampreso ba a kai masa giris daga waje, man da yake zagayawa a ciki shi ne abincinsa, kuma sai an kashe inji an buɗe ake ganinsa. Ya je ya ce wa Manaja yana so ya kashe ta ƙarshen mako ya yi mata duba na gaba ɗaya. Manaja ya ce, "Wannan makon an kama babban zaure, Baba, mai zuwa ma haka. Ba ka ce lafiya take ba? A bari zafin nan ya sauka." Me zai ce? Shi ya ce lafiya take.

Ya yi tunanin matarsa. Kunnenta kamar na mage, daga ɗaki take gane wanda ya taɓa ƙofar gida. In ya kawo ta ya ce ta saurara ta faɗa masa abin da take ji, ko daga wane gefe yake fitowa, ya isa. Ya juya maganar a ransa a hanya, ya juya ta a kan tabarma. Amma in ya roƙe ta wannan, ya gaya mata ke nan cewa mijin da take alfahari da shi a gaban 'yan'uwanta ya zama fanko. Ya ce bari dai gobe.

Ita ce ma ta zo da ƙafarta. Da ta ga ya daina dawowa cin abincin rana, ta zubo a kwano ta ɗauro, mai gadi ya nuna mata matakala. Mai Sanyi ya juyo ya gan ta tsaye a bakin ƙofar ƙarfe, kwano a hannu, ba shi take kallo ba, injin take kallo. Ta daɗe a haka. Ya ga ta ɗan karkata kai, ya ga ta buɗe baki. Sai ta dube shi, ta rufe bakin, ta matso gabansa ta dafa masa kafaɗa ta ce, "Ka ci tun da zafi, Malam." Ya karɓa. Shi ma bakinsa ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Kin ga kishiyar taki ko?" Ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta hau matakala ta tafi.

Tsohuwa ta mutu da rana tsaka, yana tsaye kusa da ita da gwangwanin giris a hannu. A tafin ƙafa ya fara ji. Daɓen ya girgiza, bututun suka kaɗa har ƙura ta zubo daga sama, fitilu suka lumshe suka dawo, sai wari ya tashi, warin waya da ta ƙone haɗe da na mai. Ya ruga ya ja babban makunni, amma ya san ya ja ne don kawai hannu ya yi wani abu. Gurnanin da ya zauna a ƙirjinsa tun yana saurayi ya ɗauke. Ya dafa jikinta, zafi ya sa ya janye hannu.

Washegari aka kira injiniyoyi daga wani kamfani. Benen ya zama tanda, ma'aikata sun tsaya cirko-cirko a inuwar bakin titi suna fifita da fayil. Aka buɗe kwampreso. Babban cikinsu ya tsoma yatsa a man da ya rage, ya fito da shi yana ƙyalli da garin ƙarfe, ya nuna wa Manaja. Famfon mai ne ya gaza a hankali, boris ya bushe ya ci kansa, ya kama sandar da take juyawa, wayoyin ciki suka ƙone. Ya ce irin wannan ba ya faruwa a ɓoye, dole ta yi kuka kafin nan. Mai gadi, da yake leƙe daga matakala, ya ce, "Ai ta daɗe tana yi, har cikin haƙori." Injiniyan ya haska fitila a gefe, ya ga baƙar wayar, ya ɗaga ta da bakin biro.

Mai Sanyi yana tsugune ya ba su baya, yana tattara notuna a cikin tsumma don kada su ɓace, kamar akwai ranar mayar da su. Bai san ana yi masa magana ba. Sai da ya ga inuwa ta tsaya a kansa ya juyo, ya tarar duk ɗakin shi ake kallo. Injiniyan yana tsaye dab da bayansa, da alama ya kira shi ba sau ɗaya ba, kuma da ƙarfi. Mai shara ta sunkuyar da kai. Manaja ya dube shi, ya dubi abin toshe kunnen da yake rataye a ƙusa, ya sake dubansa. Mai Sanyi ya ce, "To, to."

Ba a wulaƙanta shi ba, kuma da an yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Manaja ya kira shi ofis, ya zaunar da shi, ya zagayo gabansa yana buɗe baki sosai yana magana a hankali kamar mai koya wa yaro karatu. Ya ce an gode, ya ce ya huta haka nan. Kafin wata ya ƙare samari sun zo da injin huda bango, suka liƙa fararen akwatuna ɗaki-ɗaki, bayan benen ya cika da ƙananan fankoki masu ɗigar da ruwa a kan masu wucewa. Tsohuwa kuwa 'yan gwangwan ne suka yanka ta da wuta, suka fito da ita gunduwa-gunduwa. Ya je ya tsaya a tsallaken titi ya kalla, mai gadi ya ɗago masa hannu, bai tsallaka ba.

Ranar ya koma gida ya tarar da matarsa a kan keke. Ya zauna a bakin gado, ya zaro sukudireban daga aljihu ya ajiye a ƙasa. Ta tsayar da keken ta taso ta zo gabansa kamar yadda ta saba.

Ya ce, "Zauna, akwai abin da ban gaya miki ba. Kunnena ya mutu. Ya daɗe. Tsohuwa ta yi ta kuka ban ji ba."

Ta ce, "Na sani, Malam."

Ya ɗauka bai karanta leɓen daidai ba. Ta maimaita.

"Tun kafin ka je asibiti na sani. Kana tsammanin kyanka ne yake taso ni daga kan keke?"

Ya ce, "Ranar da kika kawo abinci fa? Kin ji?"

Ta ce, "Tun daga bakin titi. Irin kukan da kekena yake yi ne in ya rasa mai, sai dai nata ya fi ƙarfi. Daga can ƙarshen yake fitowa, wajen bango. Har na buɗe baki in ce maka, Malam, ba mai take nema ba?"

"Me ya hana ki?"

"In na faɗa, ka san na sani. Na ga yadda kake wahala kana ɓoye mini, na ce in bar maka wannan ɗin." Ta goge ido da bayan hannu. "Da ka ce in zo in saurara maka, da kullum sai na zo."

Can ƙarshen wajen bango nan ne famfon mai yake. Da ya ji wannan a ranar, da ya kashe injin nan take, ko Manaja zai mutu, kuma gyaran yini ɗaya ne.

Ta tashi ta koma kan kekenta ta zauna, ta ba shi baya. Ba ta taka keken ba. Ya ga kanta yana motsi, ya gane magana take yi, mai tsawo, kuma karon farko ke nan cikin shekaru da ta yi masa magana ba ta juyo ba. Ya zauna yana kallon kafaɗunta, bai san abin da take cewa ba.